Sunan da Ba Ta Taɓa Kira Ba

Lasifikar bikin yaye ɗalibai a Gashuwa ta kira sunan 'yarta, haɗe da na uban da ya tafi tun yarinyar tana goye. Shi ake ta yi wa barka a rumfa.

Ita uwar tana bayan shinge, mayafinta na ƙaurin bandar kifin Nguru, sana'ar da ta kawo yarinyar wannan matsayi. 'Yarta ta fari ce, kunya ba ta taɓa barinta ta faɗi sunan ba.

"Baiwar Allah, taki ce?" wata mai sayar da ruwa ta tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai.

Sai a motar komawa, da ƙarar inji ta rufe muryarta, ta kira sunan a hankali, ta ɗora nata a bayansa.