Takalmin Baba a Ƙarƙashin Kujera

Hafizu ya sake murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya koma ya yi shiru kamar an tsawata masa. Tun bayan asuba ake wannan kokawa a tsakar gidansu na unguwar Sabon Gari a Maradi, ga shi har rana ta fara cizo.

Motar tsohuwar bashe ce, wato a-kori-kura, mai shan man gazuwal, ta mahaifinsa Malam Nomau, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana jigilar hatsi da ita tsakanin Maradi da Jiratawa da Tsibiri. Tun da ciwo ya kwantar da shi take ajiye gindin dalbejiya, kaji na ƙwai a bayanta. Magana ɗaya tsohon ya yi ta nanatawa tun makon jiya: a kai shi Tsibiri, garinsu, kuma a motarsa. Hafizu ya ce masa to. Wannan "to" ɗin ce yau ta hana shi tsayawa wuri ɗaya.

Ko da ma tsohon bai ce a motarsa ba, ina wata? Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi ce, gari duk a tsaye. Ma'aikata na yajin aiki, masu motocin haya sun ɗaure nasu, tasha sai ka ce an share ta. Gazuwal ɗin ma a kwalabe ya samo shi bakin hanya, sai da ya tace shi da tsumma kafin ya zuba.

Ya canza batiri da na maƙwabci. Ya kwance matatar mai, ya wanke, ya mayar. Ya sassauta kusoshin tiyo don fitar da iska, yadda Baba ya koya masa tun yana ƙarami, ya yi ta danna famfon hannu har babban yatsansa ya mutu. Ko ɗigo bai fito ba. Mai na cikin tanki, amma ya ƙi isowa inji, abin sai ka ce asiri.

Mai maganin abin kuwa ga shi can kwance a ɗaki, taku kaɗan ne tsakaninsu. Hafizu ya dubi ƙofar, ya kau da kai, ya goge fuska da hannun riga.

Daga zaure, inda maza suka zazzauna tun safe, Kawu Idirisa ƙanen Baba ya shigo yana duban sama.

"Ɗana, zafin nan na bazara ba ya jiran kowa. In aka kira azahar ba ta tashi ba, sai ya haƙura da Tsibiri. Nan ma ai gida ne."

"Kawu, alkawari na yi mishi."

"Na sani. Azahar dai."

Ran Hafizu ya ɓaci, tsoro kuma ya kama shi. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito, ya sake shiga. Ya cire tiyo ya busa, ya tsotsa har bakinsa ya yi ɗaci. Ya buga kile, sifanar kwance kusoshi, da ƙasa, nan take kuma ya ji kunya ya ɗauka, don gidan yau ba na hayaniya ba ne. Inuwar dalbejiya sai tsukewa take yi, tana komawa gindinta.

Can sai ga muryar mahaifiyarsa, Inna Atika, daga bayan asabari. Ba ta leƙo ba, da kyar ma ake jin ta.

"Hafizu, ka kuwa cire takalmi?"

"Takalmi kuma, Inna?"

"Shi dai bai taɓa tada ta da takalmi a ƙafa ba. Kullum sai ya cire, ya yi bismilla, ya tura su ƙarƙashin kujera."

Kai, mata da camfi! Ina ruwan inji da takalmi? Da wata rana ce da ya yi dariya. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ya zauna mazaunin Baba, ya cire silifas ɗinsa, ya yi bismilla, ya sunkuya ya tura su can ciki.

Hannunsa ya fara cin karo da tsohon takalmin fata na Baba. A bayan takalmin kuma yatsunsa suka taɓa wani ɗan ƙarfe mai sanyi, mai kunne biyu. Ɗan famfo ne a jikin tiyon mai. Ashe tun lokacin da ɓarayi suka addabi gari da tsallakar da motoci iyaka, tsohon ya saka abinsa a ɓoye, yana rufewa da yamma yana buɗewa da safe, bai gaya wa ko matarsa ba. Wayyo Baba, da zurfin ciki!

Hafizu ya murɗa shi. Ya ruga ya danna famfon hannu, kumfa ta fara fitowa, sannan gazuwal ya tsarto masa a riga. Ya ɗaure kusoshin, ya koma ya murɗa makulli. Bashe ta yi tari, ta girgiza, ta kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan daidai lokacin da ladan ke gyara murya.

Kawu ya ɗaga hannu, mazan zaure suka miƙe gaba ɗaya suka nufi ɗakin. Hafizu ya sauko ƙafa ba takalmi, ya saukar da murfin baya, ya share wajen, ya shimfiɗa sabuwar tabarma.

"Baba, ta tashi," ya faɗa a hankali, hawaye na gangarowa.

Sannan ya sa kafaɗa ya tarbi kan makarar, suka ɗora Malam Nomau cikin farin likkafaninsa, suka kama hanyar Tsibiri, inda kabarinsa ke jira tun hantsi kusa da na mahaifiyarsa.