Furen Baban Diem

Duk unguwarmu ta bakin teku a Da Nang an san uwar Diem ta rantse 'yarta ba za ta auri masunci ba. Sai ga Khoa da ƙarnin kifinsa a rumfar furen Diem, wai a haɗa masa damin furen bazara kala-kala, a kai wani gida.

Diem ba ta ɗago ba, amma almakashin hannunta ya tsaya cak.

"Wace mai tsautsayin ce, Yaya Khoa?"

"Ke dai haɗa. Ja da shuɗi, ki cika da masu ruwan ɗorawan can."

Ta tuntsire da dariya. "Ruwan teku ya shiga kanka! Waɗannan ai na matattu ne, gaban hotonsu ake ajiyewa. Budurwar taka ta rasu ne?"

"Na san na matattu ne." Ya goge tafinsa a wando. "Gidanku za a kai. Jan da shuɗin na Mama ne. Sauran na Baba. Shi ne maigida, shi zan fara tambaya aurenki."

Ta daɗe tana kallonsa. Tun rasuwar mahaifinta babu manemin da ya tuna da shi, duk Mama suke yi wa fadanci.

"In Mama ta watso su waje fa?"

"Furen mijinta? Ba za ta iya ba."

Diem ba ta kira mai babur ɗin da ke kai mata saƙo ba. Da kanta ta rungumi damin, ta ratso tsakiyar layi tana taƙama, tana gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ce bai gani ba.