Gara Ba Ta Jiran Kwamiti

Tunda kai aka danƙa wa mujallar ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare, bari in ba ka misali kafin ka sa mata kwaɗo.

An yi wata mata mai kula da ƙaramin laburare a wani gari can nesa da kwalta. Abin taƙamarta wasu tsofaffin littattafai ne rubutun hannu, waɗanda magadan wani malami suka kawo mata amana. Wata damina sai gara ta ɓullo ta ƙarƙashin kanta. Matar ta barbaɗa toka, ta fesa maganin sauro, ta shanya takardun har tawada ta fara koɗewa, gara kuwa ko a jikinta. Ana nan ta ji cewa wani masani ya rubuta a mujallar ƙungiya yadda ake korar gara ba tare da an ɓata takarda ba. Ta buɗe shafin a wayarta, aka nuna mata kan magana da 'yar gabatarwa. Sauran, har da lambar marubucin, sai laburaren da ya biya kuɗin shekara. Nata kuwa ko ƙwan fitila ne ya mutu sai an yi ta sintiri zuwa ƙaramar hukuma.

Ta kira editan ta roƙe shi. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ƙa'ida ce. Abin da aka samu a banza ba ya daraja. Amma zan kai maganar gaban kwamiti." To, kwamiti sai an ga dama yake zama, ita kuwa gara ba ta hutun ƙarshen mako. Ranar da aka amince a turo mata rubutun, ta ɗaga bangon littafin farko, sai ƙasa ta zubo mata a ƙafa. Ta share, ta ɗauki mayafinta, ta tafi gidan magadan cike da kunya. Daga baya ta haɗu da masanin a taron shekara, ta ba shi labari. Ya ce shi ko sisi bai karɓa ba, haka ma waɗanda suka duba aikin. Don a karanta ya rubuta.

Ban ce mujalla iska take sha ta rayu ba. Nemo mata abin dogaro a wajen ƙungiya, ba a ƙofar mai karatu ba, don kada a ce da kai rijiya ta bayar, guga ya hana.