Allura a Bikin Ƙanƙara

Dodon ya hura numfashi sau ɗaya, mayaƙa goma sha tara suka daskare cikin sulkensu na ƙarfe. Ni kaɗai na rage a tsaye a fuskar wayar, sanye da rigar ulu.

Ƙanena, shugaban rundunarmu a wasan, ya zabura daga bencin shagona. "Yaya, ke me ya hana ki daskarewa?"

Shekara guda ke nan yana min dariya. Ranar da ya sa min wasan nan na intanet, kowa takobi ya zaɓa, ni na zaɓi allura. Bikin Furanni ya wuce ina tara ulu. Bikin Girbi ya wuce suna hawa mataki, ni ina ɗinki. "A shago ɗinki, a waya ma ɗinki?" in ji shi. "Ke dai ba ki da buri."

Yau Bikin Ƙanƙara ke ƙarewa, rundunar da ba ta kayar da dodon ba sai baɗi.

Ya sassauta murya. "Riga nawa kika ɗinka?"

"Ashirin. Ku yi layi. Wanda ya fi kowa dariya ya koma baya."

Shi ya karɓa a ƙarshe, yana sosa ƙeya.

Muka sake shiga. Dodon ya yi ta hura numfashi har ya gaji, ba wanda ya daskare cikin rigar ulu, mayaƙa suka gama da shi. Sai allon gwarazan bana ya fito. A can sama, inda kullum takobi ke zama, allura ce ke ƙyalli.