Tafintan Nansha

"Ga tarihin wurin nan a rubuce, Baba," in ji Ghali, yana nuna wani allo a tsohon sansanin yaƙi na bakin teku a Nansha, a ƙasar Sin, kusa da wata tsohuwar igwa.

Alhaji Dogara kawun Firdausi ne, yarinyar da Ghali yake nema, kuma shi ne waliyyinta. Ya zo baje kolin unguwar Pazhou, Ghali da ke zaune a ƙasar ya kawo shi yawon buɗe ido don ya burge shi. Amma ban da gaisuwa, Ghali bai iya komai a Sinanci ba.

Ya bi rubutun da yatsa. "Wai wani janar ne ya nutsar da jiragen maƙiya da igwar nan, shi kaɗai."

"Ikon Allah!" in ji Alhaji. Sai ya juya wajen wani mai gadi da ke kusa, ya kama Sinanci tiryan-tiryan, suka kwashe da dariya.

Ghali ya dubi Alhaji. "Baba, ashe kana ji?"

"Tun kana firamare nake saro jakunkuna a garin Shiling na ƙasar nan. Allon cewa ya yi banɗaki yana hagu."

Ghali ya sunkuyar da kai. Alhaji ya dafa kafaɗarsa.

"Turo magabatanka, ɗana. Mutumin da ya fitar da yaƙi daga allon banɗaki, matarsa ba za ta taɓa rasa hira ba."