Tabarau Ranar Husufi

Kamilu ya fizge baƙin tabarau daga fuskar 'yarsa, ya murƙushe shi da ƙafa a tsakar gidan hayarsu na unguwar Biafra. Wata ya riga ya rufe gefen rana.

"Iklima, kina da hankali kuwa?" ya daka wa matarsa tsawa. "Wannan na gayu ne, ba na kallon husufi ba! So kike ki makantar mini da 'ya?"

Matan gidan suka juyo suna kallonsa.

"Baban Lailatu," in ji ta, "ai daga kwalin da ka kawo daga kasuwar Adjamé na ɗauko."

Nan take matan gidan suka hau fizge tabarau daga idanun 'ya'yansu. Duk shi ya sayar musu da safe, har da rantsuwa.