Mai Ɗamara Uku a Gonar Yazawa

Kai da kake cewa kallo ɗaya ya ishe ka ka gane abu, gyara zama in ba ka misalin wani manomi da shi ma ya yarda da idonsa fiye da kima.

Mutumin nan ya dasa yazawa gindi ashirin a gonarsa ta bakin fadama. Shekara huɗu yana ɗawainiya da su, ban ruwa da rani, korar awaki, har suka yi inuwa suka fara fure. Duk abin da ya mallaka babu wanda ya ɗora wa rai kamar su. Ana nan sai ya fara tarar da rassa a ƙasa, manya-manya, da furensu da komai. In ya duba bakin karayar, sai ya ga an zagaye reshen da yanka tsaf, iska ce kawai ta ƙarasa aikin, ga garin itace zube a gindi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya bi gonar lungu-lungu yana neman mai wannan ɗanyen aiki, har ya iso wani tsohon kututturen ɗorawa a gefe. Nan ya tarar da wani ƙwaro ruwan toka, mai ƙahoni biyu da suka fi jikinsa tsawo, ga baki kamar awartaki. Da ya ɗauke shi, ƙwaron ya yi ƙara ƙii-ƙii. Manomi ya ce a ransa, shi ke nan, ɓarawo ya shigo hannu, har ma yana kukan neman afuwa. Daga ranar ya ɗaura yaƙi da kututture. Ya fasa wannan, ya ƙona wancan, kullum sai ya kashe ƙwari cikin tafin hannu, ya koma gida yana jin kansa.

Wata safiya wani dattijo masassaƙi ya biyo ta hanyar da gizago a kafaɗa, ya tsaya ya ga abin da ake yi. Ya karɓi ƙwaro ɗaya, ya juya shi, ya duba bayansa. Sai ya ce, "Malam, wannan ai na san shi, tare muka tsufa a wurin sassaƙa. Mataccen itace kawai yake ci, bai taɓa hawa ɗanye ba. Naka ɓarawon baƙi ne, da ɗamara uku ruwan goro a gadon baya. Shi yake yanka reshe ya faɗi, sannan ya zuba ƙwai a ciki. Ka bar kututture, ka tattara rassan nan ka cinna musu wuta."

Manomi ya yi godiya ta fatar baki. A zuci kuwa dariya yake yi. Ƙaho dai ƙaho ne, ƙafa shida ce, bakin ma iri ɗaya, to wace ɗamara kuma, sai ka ce ɗan dambe? Tsoho ya san turmi da akushi, ina ruwansa da yazawa? Kuma a ƙona rassa masu kauri haka, alhali ga awaki suna shiga gona yadda suka ga dama? Ai wannan ɓarna ce. Sai ya kwashe rassan kaf, ya kafa su shinge ya zagaye gonar, ya ɗaure da igiya. Shinge ya yi kyau, wallahi, duk wanda ya wuce sai ya yaba. Shi kuwa ya ƙara tabbata cewa dabararsa ta fi ta tsoho.

Damina ta zo ta wuce. Kututturai sun ƙare a gonar, ƙwaro ruwan toka ko na magani babu. Manomi ya saki jiki yana jiran fure. Amma da lokacin ya zagayo, rassa suka shiga zuba fiye da bara, yau biyar, gobe goma, har itatuwan da bara ba a taɓa su ba. Ya tsaya tsakiyar gona ya rasa abin da ke masa daɗi, don wanda yake zargi ai ya riga ya gama da shi. Da gajiya ta kama shi ya jingina da shinge, sai wata sandar shingen ta ɓurme a hannunsa, gari ya zubo. Ya sa gatari ya tsaga ta. Cikin duk ramuka ne, ga tsutsa fara ƙatuwa, ga kuma wani ƙwaro kwance ya gama girma yana shirin fita, baƙi wuluk. Ya juya shi da tsinke. Ɗamara ɗaya, biyu, uku, ruwan goro. Ya tsaga sanda ta biyu, ta uku, duk labarin ɗaya ne. Ashe shekara guda yana kashe wanda bai ci masa ko ganye ba, mai laifin kuwa shi da hannunsa ya gina masa gida ya zagaye gonar da 'ya'yansa. A cikin gindi ashirin, huɗu ne suka tsira da rassansu, sauran sai dungu a tsaye.

To, ka ji. Ƙahon da ya gani gaskiya ne, bakin ma gaskiya ne, juya ƙwaron ya duba bayansa ne kawai ya ga bai kai ya ɓata lokacinsa a kai ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.